Kwalaben Gwaggo Tenin

Orodara, 9 ga Satumba, 1996

Zuwa ga maigidana, Koro Lasina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Tarin Baba ya yi sauƙi tun da ya daina zaman ƙofar gida da sanyin safiya. Gwaggo Tenin tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin shinkafar bakin titi kamar wanda aka koro.

Ga kwalabe uku na man ciyawar shayi da ka ce a aiko ka auna. Na ba Arjuma direba. Na naɗe su a tsohon zanena kore, na binne su a cikin garin masara don kada su bugi juna. Garin naka ne, da daddawar da ke ƙulle a gefe. Da na ce wa Arjuma ya lallaɓa su, sai ya taso da tsiyar nan ta abokan wasa, ya ce, "Ke 'yar Watara, kakanki ma ni na yi dakonsa zuwa Bobo, balle kwalba." Na ce masa, "Kulibali maci wake, bawa ba ya musu da uwargijiyarsa. Ɗauki ka wuce."

Kwana uku Gwaggo ta yi tana hura wuta a ƙarƙashin tukunyar tururi, kowace rana da kwalbarta. Ita ta yanko ciyawar, ita ta danna ta a tukunya, ta zauna a kan turmi tana kallon man yana ɗiga a saman ruwa. Ciyawa dami goma sha wani abu, abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Ko itace ba ta yarda wani ya tura mata ba. Da ta gama, ta toshe bakin kowace kwalba da kakin zuma, ta ba ni ta ce in kai tasha.

Matan ƙungiyar masu man ba su da zance sai naka. Ma Sita, shugabarsu, tana ta gaya wa mutane a kasuwa cewa ɗansu ne zai auna man, kuma da zarar takardar ɗakin gwajinku ta fito ta ce man tsantsa ne, mai kamfanin sabulun nan na Wagadugu zai kwashe duk abin da suka tara. Gwaggo kuwa na ga tana yawan shafa makullin ɗakin tukunyar da ke rataye a wuyanta. Shekara shida ke nan yana wurinta.

Ni kuwa sai hango ka nake yi cikin farar rigar aikinku, kana kwance zanen a gaban malaminku, kwalaben suna sheƙi a cike har wuya, shi kuma yana tambayarka wace ce ta shirya kaya haka. Ba za ka ji kunya ba, na kula da wannan da kaina.

In ka bi ta wurin masu tsofaffin littattafai ka tuna da ni. Wanda ka aiko na cinye shi, ga shi shafi huɗu na ƙarshe babu, ban san ko matar ta koma ɗakinta ba.

Matarka,
Karija


Wagadugu, 21 ga Satumba, 1996

Karija,

Na sami saƙo, na gode. Ina lafiya. Ki gai da Baba da Gwaggo da kowa da kowa. Ki ce wa Gwaggo na sayi kujera, a zaune nake cin shinkafar yanzu.

Daga nan zuwa ƙasa kada ki karanta mata.

Akwai matsala a man. Bari in yi miki bayani yadda za ki gane. Kowane mai yana da zafin da yake tafasa a kansa, ba ya saɓawa. Mukan zuba shi a wani ɗan tulun gilashi, mu tsoma ma'aunin zafi, mu kunna wuta a hankali. Man ciyawar shayi na ƙwarai, idan ma'auni ya kai wajen digiri ɗari biyu da ashirin da 'yan kai, sai ya fara tashi, ya bi bututu mai sanyi, ya sauka a wata kwalba. Abin da zai rage a gindin tulun ba zai wuce ɗan kaɗan ba.

Na Gwaggo ya fara lafiya lau, har ƙanshin ya sa na tuna tsakar gidanmu. Kashi biyu cikin uku ya tashi. Kashi ɗayan ya zauna, ya ƙi tafasa. Na ƙara wuta, ma'auni ya yi ta hawa har ya doshi ɗari uku, bai tafasa ba. Sai ya yi duhu, ya fara wani hayaƙi mai yaji a ido, irin na kaskon da aka manta a murhu. Ƙonewa yake yi, yana lalacewa. Garin sauke tulun da sauri na ƙone babban yatsana, amma ba wani abu ba ne, ya fara warkewa.

Na ce laifina ne. Na wanke gilasan sau uku, na gwada ma'aunin a tafasasshen ruwa na ga lafiyarsa ƙalau, na aro wani ma don in tabbatar. Na buɗe kwalba ta biyu. Abin da ya faru da ta farko shi ya sake faruwa, kashi ɗaya cikin uku, ba ragi ba ƙari. Yanzu saura ɗaya, kuma malaminmu ya ce a gabansa za a buɗe ta.

Ban gaya masa abin da nake tsoro ba. Mai ba ya yin haka sai an haɗa shi da wani abu. Karija, ke kina gidan. Wani ya shiga ɗakin tukunyar? Gwaggo ta ba wata ajiyar kwalaben? Ko Arjuma ya sauke kayan a hanya? Ki yi tunani sosai, ki gaya mini ko da abin bai kai a faɗa ba a ganinki. Idan takardar ta fito ta ce an yi haɗi, sunan Gwaggo ne a kai, don kowa ya san hannunta kaɗai ke taɓa tukunyar.

Littafi yana cikin ambulan. Na ƙirga shafukan a gaban mai sayarwa.

Mijinki,
Lasina


Orodara, 30 ga Satumba, 1996

Koro Lasina,

Ina gaishe ka. Yaya yatsan? Don Allah ka riƙa shafa masa man kaɗe safe da yamma, kada ka bar shi ya yi ruwa. Tun da na karanta wurin nake jin zafin a nawa yatsan. Baba lafiya. Ruwa ya fara ja da baya, an fara cin sabuwar gyaɗa.

Na karanta wa Gwaggo gaisuwarka da zancen kujera, ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Sauran fa? Na ga baƙi ya cika takarda." Na ce mata sauran nawa ne. Ta ce, "To, Allah ya bar ku tare," ta tashi ta ba ni wuri. Da ma zagina ta yi.

Ba wanda ya shiga ɗakin tukunya. Arjuma bai sauke kaya ba, kada ka zarge shi.

Kwanan nan ba na jin daɗin jikina. Abinci ba ya shiga, ko miya na ɗora sai ƙanshin mai ya tayar mini da zuciya. Matan gida suna ta kallon cikina suna ƙus-ƙus. Ba abin da suke zato ba ne.

Koro, ina so in tambaye ka wani abu. Na karanta labarin wata mata a littafi. Za ta aika wa wanda take ƙauna saƙo zuwa birni, sai ta ga abin ya yi kaɗan, ta ji kunyar a buɗe shi a gaban manyan mutane a ce daga gidansu aka aiko haka. Sai ta ƙara da abin da ke hannunta, mafi kyau da take da shi. Ba cuta ta yi nufi ba, ba ta ma san ana gane irin wannan ba. Daga baya abin ya zama masifa, bakinta kuma ya yi nauyi, kullum ta ce gobe za ta faɗa. Kai da ka yi karatu, irin wannan matar ana yafe mata? Idan kai ne aka aika wa saƙon, da me za ka ce mata?

Ka ba ni amsa da wuri. Sabon littafin yana nan a ƙarƙashin matashi, ban iya buɗe shi ba tukuna.

Matarka,
Karija


Wagadugu, 18 ga Oktoba, 1996

Karija,

Ina lafiya, yatsa ya warke. Ki yi haƙuri da shiruna. Sau huɗu ina fara wannan takarda ina yagawa.

Na san matar nan ba a littafi take ba. Na gane abin da kike son gaya mini, na kuma gane dalilin da ya sa kika zagayo ta nan. Ba ki son ki kama sunan Gwaggo da bakinki. Kin kyauta, haka ya dace da suruka. Kada ki bari abin ya hana ki cin abinci, ba kayanki ba ne da za ki ɗauka.

An buɗe kwalba ta uku a gaban malam. Bai ma bari na kunna wuta ba. Ya ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, ya ajiye a bakin taga. Ya ce man ciyawa na gaskiya tashi yake yi ya bar takarda fes, ƙanshi kaɗai zai rage. Da muka dawo washegari, ga tabon maiƙo nan, har ana hango haske ta cikinsa. Ya ce man girki ne aka zuba, kuma ya yi mamakin yadda na ƙone yatsa a kan abin da takarda za ta gaya mini.

Ma Sita ta bugo waya daga gidan waya sau biyu ina kaucewa. A na uku na gaya mata abin da muka gani. Ban ambaci sunan kowa ba. Sai ta ce, "Ai mutum ɗaya ke da makulli." Ni kuma ban ce mata a'a ba.

Ran 4 ga Nuwamba za a sa hannu a takardar. Na roƙi malam a aiko wani man, ya ce wanda ya yi haɗi ai karo na biyu mai kyau zai aiko, sai dai in akwai bayanin da zai gamsar da shi.

Kin tambaye ni ko ana yafe mata. Karija, matar nan ita ta goya ni ranar da aka binne mahaifiyata, ba ta sauke ni ba sai da na shiga makaranta. Wane ni in yafe mata? Don kada in ji kunya ta yi. Ga shi ni da hannuna zan rubuta takardar da za ta kunyata ta a gaban matan garin. Ko fuskarta ba na iya tunawa ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Kada ki nuna mata kin sani.

Lasina


Orodara, 24 ga Oktoba, 1996

Lasina ɗana,

Ni ce Tenin. Matarka ke rubutawa, na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa masa sukari.

Ina gaishe ka. An ce ka ƙone a hannu, Allah ya sawwaƙe. Lafiyata lau, sai gwiwa.

Shekaranjiya Sita ta zo da mata biyu. Sun gaishe ni, sun sha ruwa, sun yi zancen gyaɗa. Sannan Sita ta ce in ba su aron makulli, wai in huta. Na ce, "Sita, tare aka yi mana kitson aure da ke. Faɗi abin da ya kawo ki." Ta ce ɗana ya ce an zuba man girki a man ƙungiya. Na cire makullin na ba ta. Ban yi gardama ba. Igiyar ta bar mini zane a wuya, yara suna ta tambaya.

Ba makulli nake kuka ba. Jiya na je rijiya, mata suka yi shiru.

Ni ban san ma'auninku ba. Abin da na sani, ranar da ka zo hutu ka zauna kusa da ni a bakin tukunya, ka ce, "Gwaggo, abin da ya fito shi za ki aiko, kada a ƙara ko ɗigon ruwa." Shi ya sa na aiko maka kwalabe ba a cike ba, kowace da sauran wuri kamar yatsu uku. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa fitar da mazubi daga gidana haka ba. Na haɗiye kunyar don kai ka ce. In haɗi zan yi, ai da na cika su.

Iyakar maganata ke nan.

Gwaggonka, Tenin

Koro, yanzu ni ce, Karija. Gwaggo ta dangwala yatsa ta fita.

Da ta zo kan zancen kwalabe ba a cike ba, alƙalamin ya tsaya a hannuna. Ba ta iya karatu ba, da na tsallake ba za ta sani ba, kamar yadda na tsallake mata rabin takardarka. Ta ce, "Kin rubuta?" Na rubuta.

Kai ka san a cike suka iso maka. Ni na cika su.

Ranar da ta ba ni su, na shiga ɗaki zan naɗe, na ɗaga su a haske na ga kowace da saura. Ka san yadda muke. Mazubin da bai cika ba, wanda ake fushi da shi ake aika wa. Inna ta taɓa mayar da ni daga ƙofar gida saboda kwanon fura da bai kai baki ba. Na ɗauka idon Gwaggo ne ya fara rauni. Ba na wurin lokacin da ka yi mata gargaɗin, ina madafa. Na tuna malaminku, na tuna abokan aikinka, na ce ba za a ce matar Lasina ta aiko masa rabin kwalba ba. Na ɓamɓare kakin, na ɗauko man riɗin da Inna ta tatsa mini, wanda nake ɓoyo don ranar da za ka dawo, na cika su har wuya. Na girgiza, launin bai sauya ba. Na toshe da kyandir. Har daɗi na ji.

Wannan wauta ce. Abin da ya biyo baya ya fi wauta muni. Tun takardarka ta farko na gane, da ka ce kashi ɗaya cikin uku. Wata guda ke nan ina ci a kwano ɗaya da ita. Na ɓuya a bayan matar littafi don kai ka gane ba sai na faɗa ba, sai ka ɗora mata kayana. Takardarka ta iso ran Lahadi, na karanta, na sake cewa gobe. Ran Talata suka karɓi makulli ina tsaye da tsintsiya a hannu.

Dubi ƙasan takardar nan. Na zana da'ira biyu. A ta dama na ɗiga man Gwaggo daga babban tulun da ta ajiye a ɗakinta kafin a kai wa ƙungiya. A ta hagu na ɗiga irin haɗin da na yi. Ka kai wa malaminku, ka ce masa ga bayanin.

Gobe Juma'a matan za su taru a gindin mangwaron Ma Sita. Zan je in faɗa da bakina. Ba na tambayarka ko ana yafewa.

Karija


Wagadugu, 4 ga Nuwamba, 1996

Karija,

Ina lafiya. Takardarku ba ta iso ba sai shekaranjiya Asabar. Motar Arjuma ta lalace a Boromo, ya yi mako yana jiran ƙarfe daga Bobo, takardar tana aljihunsa. An riga an buga rahoton, sa hannu kawai ya rage.

Da'irar hagu ta yi maiƙo har ta ɓata ambulan. Ta dama babu komai a cikinta. Na kai ta hanci, ƙanshin yana nan.

Na je na tono murafen kwalaben a kwandon da nake tara tarkace. Farin kyandir ne a jikinsu. Ni da na girma ina murza wa Gwaggo kakin zuma a tafin hannu, sau uku ina ɓamɓare farin kyandir ban gani ba.

Yau da safe na kai wa malam takardar, na karanta masa har da sashenki. Ya daɗe yana ɗaga ta a haske. Ya tambaye ni ko gaske ne ba a aika kwalba sai a cike, na ce gaske ne. Ya ce uwarsa ma haka take, da ita ce da ruwa za ta cika. Ya yage rahoton. Ya ba mu mako biyu a aiko sabo.

Ina fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Amma duk lokacin da na ɗauko fushin sai in tarar da nawa laifin a ƙarƙashinsa. Maganarmu sai na zo. Ki ci abinci.

Abin da ke ƙasa na Gwaggo ne. Ki karanta mata a gaban Ma Sita, kada ki tsallake ko harafi.

Gwaggo, ni ne Lasina. Manki tsantsa ne. Ni na bari aka zarge ki, aka faɗa a kunnena ban musa ba. Na yarda kin yi, har ina ganin na yi miki adalci da na ce don ni kika yi. Ina durƙushe. Ki yafe mini.

Lasina


Orodara, 11 ga Nuwamba, 1996

Koro Lasina,

Ina gaishe ka. Kowa lafiya. Kwana goma sha biyar na yi ina zuwa tasha ana ce mini babu saƙo, har na fara ninke zannuwana a akwati. Da Arjuma ya miƙo mini ambulan ko tsiyar wake ban iya yi masa ba. Ya dube ni ya ce, "Uwargijiya, yau bawa ya ci bulus ke nan?"

Na je gindin mangwaro ranar Juma'ar, kamar yadda na ce. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da na miƙe duk ta gudu. Na ce, "Ni na zuba man riɗi. Gwaggo ba ta sani ba." Wata ta ce, "Riɗi? Ko na gyaɗa ba ki samu ba, sai mai tsada?" Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ma Sita ta ce mini abubuwan da na cancanta, ba zan maimaita ba. A take ta tashi ta kai wa Gwaggo makulli har gida, mu duka muna biye da ita.

Gwaggo ta ƙi karɓa. Ta ce, "Wanda ya ce na yi, shi zai ce ban yi ba." Makullin ya yi mako biyu rataye a ƙusar zaure, ba mai taɓa shi. Ni kuma ba ta zage ni ba, ba ta kuma yi mini magana ba. In na kai mata tuwo sai ta ci, ta turo kwanon da ƙafa.

Jiya na kira Ma Sita na karanta takardarka, ban tsallake komai ba. Gwaggo ta ce in sake. Na sake. Ta tashi ta ciro makullin ta rataya, sannan ta dube ni, karo na farko. Ta ce, "Ke, wauta kika yi, kika ƙara da tsoro. Na ga irinki, ni ma na taɓa zama amarya. Shi kuwa mijinki sau uku ya auna mai, ni bai aiko ya tambaye ni ko sau ɗaya ba." Na ce mata kana neman gafara. Ta ce ta ji. Ta ce in rubuta maka cewa ba a durƙusa mata a takarda, gwiwarka ka kawo ta Orodara. Amma da yamma na gan ta tana ware daddawa mai kyau tana ƙullewa daban, ba ta ce ta wa ba.

Yau tun da hantsi ta hura wuta. Ta sa ni tura itace, ni da ba ta taɓa bari na matso ba. Ta ce in zauna in ga yadda ɗigo ɗaya yake fitowa, ko na san abin da na raina. Hayaƙi ya ishe ni, ban tashi ba.

Kwalba ɗaya ce wannan karon. Ta toshe da kakin zuma, ta danna babban yatsanta a kai. Na ɗauko zane zan naɗe, ta ce a'a, a tasha za a naɗe, in riƙe ta a hannu.

Da sauran wuri kamar yatsu huɗu a cikinta. Haka na ratsa kasuwa da ita, man yana kaɗawa, masu tumatir suna kallo. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce, "'Yata, wa ya ɓata miki rai haka?" Na ce mata mijina zan aika wa, kuma lafiya lau muke.

Ka auna ta yadda ta zo.

Matarka,
Karija